Yadda Ilmin Barci Ya Makara Wajen Isa Ɗakin Likita

Hausawa kan ce barci ƙanin mutuwa ne, kuma likitocin Turai ma sun daɗe a kan irin wannan zato, wato suna ɗaukar cewa da zarar mutum ya runtse ido, jikinsa ya ajiye aiki ke nan, babu abin da likita zai bincika.

Wannan ra'ayi ya fara rushewa a shekarar 1929, sa'ad da Hans Berger, wani likita Bajamushe, ya bayyana hanyar auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. A 1953 kuma Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Shikago suka nuna cewa akwai wani zango na barci da idanu ke kai da komowa cikin sauri, wanda a cikinsa ne aka fi yin mafarki. Sa'an nan a 1965 masu bincike a Faransa da Jamus suka tabbatar da cutar da ke toshe maƙogwaro, numfashi ya riƙa yankewa cikin dare. William Dement ya buɗe asibitin barci a Jami'ar Stanford a 1970, a 1981 kuwa Colin Sullivan na Ostireliya ya fito da na'urar da ke hura iska ta hanci domin buɗe hanyar numfashi.

To, amma wannan ilmi ya daɗe a hannun ƙwararru kafin ya kai ga likitan gama-gari, wanda shi ne majinyaci ke fara gani. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1993 ya gano cewa darasin barci a makarantun likitanci bai kai awa biyu ba a matsakaici. Saboda haka mai kukan rashin barci sai a rubuta masa ƙwaya irin su Valium, wadda ta shiga kasuwa a 1963, alhali tana iya kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da ita. Mai minshari kuwa sai a mai da shi abin raha, ga shi yankewar numfashi na haddasa hawan jini da gyangyaɗi da rana, har direba ya kife da mota.

A 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar a fara yi wa mai rashin barci magani ta hanyar gyara tunani da ɗabi'unsa kafin a kai ga ƙwaya. Don haka, ɗalibai da ma'aikata, idan kun je gaban likita bai tambaye ku yadda kuke kwana ba, ku faɗa masa da kanku.