Daga Sango Zuwa Harsashi: Tarihin Abin Harbi a Wurin Maharban Hausawa na Kurmi

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar Hausawan da ke zaune a Borokiri ta Fatakwal, ko a Anaca da Inugu, abin da kan fara zuwa a zuciya shi ne cinikin shanu da wake da albasa. Sai dai a wasu sassan wannan yanki maharbi ya riga falke isa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin abin da maharbin nan yake ɗura wa bindigarsa, da dalilin da ya sa yake zaɓen wani ya bar wani, da kuma abin da kowanne yake yi a jikin dabba. Za a ga cewa abubuwa uku ne suka yi masa jagora wajen wannan zaɓe, wato dokar Turawa, da irin naman dajin da ya tarar, da hukuncin addini. Haka kuma za a ga cewa kalmomin sana'ar sun adana tarihinta.

2.0 Asalin Kalmomin

Manyan kalmomi uku na wannan fage duk aro ne daga Larabci. Kalmar bindiga ta fito daga bunduƙiyya, harsashi daga arrasas, wato dalma, albarushi kuwa daga albarud. Wannan ya dace da abin da tarihi ya nuna, domin Ahmad ibn Fartuwa ya ambaci Turkawa 'yan bindiga a rundunar Mai Idris Alooma na Barno a ƙarni na 16. Amma littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, daga Nufe aka kawo bindigogi, wato daga kudu. Ke nan sunan ya shigo ta hamada, ita kuwa hajar, daga baya, ta yawaita ne ta bakin teku.

Ragowar kalmomin kuma Bahaushe ne ya ƙirƙiro su daga abin da idonsa ya gani. Ya kira abin da ake ja a harba kunama, ya kira dutsen da ke ba da wuta ƙanƙara, ya kira ɓawon da ke faɗuwa bayan harbi kwanso. Ita kanta bindigar da ake ɗurawa ta baki ya sa mata suna bindigar toka, ya kuma yi mata laƙabi da harba-ka-ruga, saboda idan an harba sau ɗaya, sake ɗuri yana ɗaukar lokacin da ɓauna mai rauni ba za ta bayar ba.

3.0 Maharban Giwa da Sango

Ɗaya daga cikin tsofaffin mazaunan Hausawa a gabashin Kwara shi ne Elele, a ƙasar Ikwerre, a kan hanyar Fatakwal zuwa Owerri. Maharban giwa ne suka kafa wannan zango a ƙarshen ƙarni na 19, a lokacin da hauren giwa yake da daraja a kasuwannin Turawa, giwaye kuma suke ɓarnata gonakin mutanen wurin. Garin Fatakwal kansa bai samu wannan suna ba sai a 1913, hanyar jirgin ƙasa kuma ba ta haɗa shi da ma'adinin kwal na Inugu ba sai a 1916. Saboda haka zangon maharba ya girmi unguwannin Hausawa da suka bunƙasa a waɗannan birane.

Waɗannan maharba sun tarar da wani shinge. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai. Dunƙulen dalmar da irin wannan bindiga take jefawa yana da taushi, ba shi kuma da gudu sosai, don haka idan ya gamu da fatar giwa da ƙashinta sai ya baje kafin ya kai ga makasa. Dabarar da aka yi ita ce sango, kalmar da Bargery ya kawo a ƙamusunsa na 1934. Sango ɗan mashi ne mai kan ƙarfe, wanda ake shafa wa dafi, a cusa ƙotarsa cikin bakin bindiga a kan albarushi. Dafin kibiya a ƙasar Hausa yawanci daga 'ya'yan kwankwani ake haɗa shi, kuma zuciya yake tsayarwa. A nan aikin bindiga shi ne ta huda fata kurum, dafi ya ƙarasa sauran, maharbi kuma ya bi sawu har giwar ta faɗi. Wato dai an ɗauki ilimin kwari da baka an zuba shi a cikin bindiga.

4.0 Gada, Mazo da Barewa

Da giwa ta yi ƙaranci, dokokin kare namun daji kuma suka fara aiki tun daga ta 1916, sai hankali ya koma kan ƙananan dabbobi. Barewa da mariya da gwanki dabbobin fili ne na arewa, waɗanda ake hango su daga nesa. A kurmi kuwa gada da mazo da gyazbi aka fi samu, kuma a cikin duhuwa ake cin karo da su, a tazarar 'yan taku kaɗan. Don haka maharbin kurmi ya fi son ƙananan ƙwayoyin dalma masu watsuwa, domin ko bai daidaita sosai ba wasu za su samu. Ga mazo, wanda ya fi girma, akan ɗura manyan ƙwayoyi ko dunƙule guda.

Idan dalma ta yi wuya, akan yanka ƙusa ko guntun ƙarfe a ɗura. Illar wannan ita ce gutsattsarin ba sa tafiya miƙe, suna yaga nama ba tare da sun nutsa ba, dabba ta gudu da rauni ta mutu inda ba mai ganinta. Ga Musulmi wannan hasara biyu ce, domin naman ya zama mushe. Malaman fiƙihu na da sun hana cin abin da aka kashe da bunduƙ, wato ƙwallon yumɓu da ake harbawa, saboda bugu yake yi, ba ya zubar da jini. Bayan bayyanar bindiga, malaman Malikiyya na baya, musamman na Fas, sun halatta abin da harsashin dalma ya kashe idan an yi bisimilla, saboda yana hudawa. Wanda aka riska da rai kuwa dole a yanka shi. Abin lura a nan shi ne, daga sunan wancan ƙwallon da aka hana kalmar bindiga ta samo asali.

5.0 Harsashin Zamani

A Turai, ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a Faransa a 1884 ya ƙara wa harsashi gudu ƙwarai, har ya zama dole a lulluɓe dalmar da rigar ƙarfe. Irin wannan harsashi yakan ratsa dabba mai siririyar fata ya fita ta ƙaramar kafa, ya bar ta tana gudu. Sai aka riƙa barin tsinin dalmar a buɗe domin ya buɗe kamar fure idan ya shiga, kamar wanda aka yi a masana'antar Dum Dum ta Indiya, wanda taron Hague na 1899 ya haramta a yaƙi, amma aka ci gaba da farauta da irinsa. A 1948 John Nosler na Amurka ya raba cikin harsashi gida biyu, gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da nutsawa. Matsalar da sango ya warware ke nan, wato yadda za a haɗa hudawa da kisa cikin hanzari. Daga baya damuwa ta koma kan gubar dalma da ke saura a nama, har jihar Kalifoniya ta hana farauta da ita ɗungurungum a 2019.

Kaɗan ne daga wannan ci gaba ya kai hannun maharbin Bahaushe. Dokar makamai ta 1959 ta ɗora mallakar bindiga a kan lasisi, abin da ya fi samuwa kuma shi ne bindigar toka ta maƙera da mai baki ɗaya ko biyu, wadda ake sa wa harsashi mai ƙwayoyi.

6.0 Kammalawa

An ga yadda doka da daji da addini suka haɗu suka tsara abin da maharbi yake ɗurawa. A yau matashin da aka haifa a Borokiri ya san bindiga da harsashi, amma da wuya ya san sango ko kwankwani, ƙanƙara kuwa ta sanyaya ruwa kawai ya sani. Kalmar sana'a ba ta daɗewa bayan mutuwar sana'ar. Saboda haka akwai buƙatar masu nazarin harshe su je Elele da Fatakwal da Anaca da Inugu su naɗi waɗannan kalmomi daga bakin dattawan da suka gaji maharba, su kwatanta su da na Kano da Katsina, su kuma duba abin da aka ara daga Ikwerre da Igbo, tun masu iya bayar da su suna raye.