Dalar Azurfa Mai Tsuntsu

Kai mai karatu, kullum kana kiran dala a kasuwar Kelle. Dala ɗaya tamma biyar ce, dala ashirin tamma ɗari. To, ka san inda sunan ya fito?

A da can kakanninmu da wuri suke ciniki. Sai fatake masu ratsa hamada daga Tarabulus suka riƙa kawo wani babban kuɗi na azurfa Borno da Damagaram da Kano. Hausawa suka ce masa liyari. A Kano, shekarar 1851, guda ɗaya wuri 2,500 ne.

A ƙasar Ostiriya ta Turai aka fara buga shi. Sunansa can taler. Daga nan aka sami dola, mu kuma muka ce dala. Da Faransawa suka kawo azurfarsu ta tamma biyar, sai ta gāji sunan.

Sunan kuɗi yana da tafiya mai nisa. Dubi Rumawa: shekara 200 da ɗoriya kafin haihuwar Annabi Isa suka fara buga azurfa mai suna denariyus. Larabawa suka ce dinari. A bakinmu ya zama zinariya.

Wataƙila akwai liyari a gidanku, a wuyan tsohuwa ko cikin adaka. Ga yadda za ka gane shi. Gefe ɗaya akwai kan mace da lulluɓi. Ita ce Mariya Tereza, wadda ta yi sarauta daga 1740 zuwa 1780. Ɗaya gefen akwai tsuntsu mai kai biyu. A bakinsa kewaye akwai rubutu. Nauyinsa giram 28. Mayen ƙarfe ba ya kama shi. In ka ƙwanƙwasa shi, ƙararsa takan daɗe.

Za ka ga an rubuta 1780. Kada wannan ya ruɗe ka. Bayan rasuwar sarauniyar an ci gaba da buga shi da wannan shekara, har a Landan da Paris, don 'yan kasuwa ba su yarda da wani ba. Saboda haka lambar ba ta faɗin tsufansa.

In mai saye ya zo, kada ka yi gaggawa. Kada ka kankare shi da yashi, darajarsa za ta ragu. A auna shi gabanka. Ka tambayi tsofaffi wa ya kawo shi gidan, ka rubuta a takarda, ka ajiye tare da shi don 'ya'yanka.