Matan Gee's Bend da Bargon Ƙyallaye

Ƴan uwana malamai da iyayen yara, yau tarihin wani ƙauye na Amurka nake so mu duba tare. Ya taɓo wata tambaya da muke yi wa juna idan aka zo darasin aikin hannu, wanda tsarin karatunmu na firamare ke kira APP: in za a koya wa yaro sabuwar dabara, dole ne sai ya ajiye wadda ya taso da ita a gida?

Sunan ƙauyen Gee's Bend, a jihar Alabama da ke kudancin Amurka. Kogin Alabama ya lanƙwashe ya kewaye shi ta gefe uku, ya bar shi kamar tsibiri. A 1816 wani mai suna Joseph Gee ya kafa gandun auduga a wurin, bayi baƙar fata na yi masa noma. A 1845 gandun ya koma hannun Mark Pettway, wanda ya taso wasu bayin kusan 100 daga jihar North Carolina, akasarinsu a ƙafa. Shi ya sa har yau gidaje da yawa a ƙauyen sunan Pettway suke amsawa. Da aka soke bauta a 1865 mutanen ba su watse ba, suka ci gaba da noman gonakin a matsayin ƴan haya, bashi kan bashi. A 1932, bayan faɗuwar farashin auduga, magadan wani ɗan kasuwa da ke bin su bashi suka zo suka kwashe dabbobi da kayan noma, har da abinci.

Ɗakunansu na katako ne, iska na shiga ta ko'ina, ga sanyin hunturu, ga babu kuɗin sayen bargo. Sai matan suka dogara da allura. Bargon nasu hawa uku ne: sama ƙyallaye da aka harhaɗa, tsakiya ragowar auduga, ƙasa kuma sau da yawa buhunan gari ko na taki da aka farke aka wanke. Sai a bi da ɗinki a haɗe ukun wuri guda. Ƙyallayen daga tsofaffin riguna da wandunan aiki suke fitowa, har ana ganin gwiwar wandon da ta koɗe, da gurbin aljihun da aka ɓamɓare inda launi ya tsira daga rana. A 1942, da mijin Missouri Pettway ya rasu, kayan da yake zuwa gona da su ta yayyanka ta ɗinka bargo, don ta riƙa lulluɓa da shi tana tuna shi.

Ba su aiki da zanen takarda, ba su damu da ma'auni ba. Ido ne ma'aunin, wani lokaci ma da hannu ake yaga yadin. Tsarin da suka fi yi shi ne a fara da ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiya, a yi ta kewaye shi da dogayen tsage har bargo ya kai girmansa. Suna kiransa rufin ɗaki. Yarinya a gefen uwarta da kakarta take koyo, daga zura zare a allura har ta ɗinka nata.

Sabuwar dabara ta shigo ne ta ƙofar siyasa. A shekarun 1960 baƙar fatar yankin sun tashi neman ƴancin jefa ƙuri'a, kuma Camden, garin da ake rajista, yana ƙetaren kogi. A 1962 aka tsayar da jirgin fiton da ke ƙetarar da su, tafiyar ƴan mintoci ta koma dogon zagaye ta hanyar mota. Martin Luther King ya ziyarci ƙauyen a 1965. Mutane da dama a yankin sun rasa aiki ko gonar haya saboda sun yi rajista. Don a samu abin sawa a baki, a 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar gama-kai mai suna Freedom Quilting Bee, wani limamin coci, Francis Walter, ya taimaka musu, Estelle Witherspoon kuma ta riƙe ragamar aikin.

Da manyan kantunan New York irin su Bloomingdale's suka fara oda, sai ga sharaɗi: kowane bargo girmansa ɗaya da ɗan uwansa, zanensa ɗaya, ɗinkinsa ƙanana a jere. Matan da suka yi shekaru suna awo da ido suka zauna koyon awo da ma'auni da aiki da keken ɗinki. Wasu sun iya, suka samu albashin da ba su taɓa gani ba. Wasu aikin bai karɓe su ba, suka koma gida. Amma har waɗanda suka zauna ba su daina ɗinkin gida ba: da rana zanen kanti, da dare abin da suke kira tsarina.

A 1972 kamfanin Sears ya ba ƙungiyar kwangilar ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri, mai laushi kamar karan-miski, mai layi-layi. Ragowar da ke zuba ƙasa matan suka riƙa kai wa gida suna rabawa dangi da maƙwabta. Yadin baƙo ne a hannunsu. Yana da nauyi, bakinsa na zarewa, ba ya son a yanka shi ƙanana ko a karkace. Maimakon su tilasta masa tsohon salo, sai suka bi halinsa: dogayen tsage, manyan faifai, launi biyu ko uku kawai, ja ko ruwan zinariya ko kore. Suka kuma lura cewa in aka juya layin yadin, haske na sauka a kansa daban, launi ɗaya ya zama kamar biyu. Daga sharar wannan kwangila aka samu wasu daga cikin bargunansu da suka fi suna.

A 2002 aka baje bargunan a babban gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan sai gidan Whitney na New York, masana suna jera su da ayyukan manyan masu zane. A 2005 Mary Lee Bendolph da surukarta Louisiana suka tafi California suka gwada abin da ba su taɓa yi ba, wato buga tsarin bargunansu a takarda. A 2006 gidan wayar Amurka ya fitar da tambur goma masu hotunan bargunan, kuma a shekarar jirgin fito ya dawo aiki. Duk da haka, yankin yana nan cikin mafi talauci a ƙasar.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi, a matsayina na malamin makaranta, shi ne: ma'auni ya ba matan nan albashi, baƙon yadi ya ba su sabon salo, amma idon da suka samu a gefen iyayensu shi ya san abin da za a yi da su. Da an kashe idon nan tun farko da sunan gyara, da rigunan matashin kai kawai za a samu.

Mu ma kayan gwajin ba su yi mana nisa ba. Kowace unguwa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa akwai tela, kuma gab da salla ƙyallayen atamfa da shadda buhu-buhu suke taruwa. Malam ya roƙi buhu guda. A koya wa yara, maza da mata, awo da yanka daidai da ɗinki a jere, don sana'a na buƙatarsu. Sannan a ware wani zama da za a zube musu yadin da ba su saba da shi ba, kowa ya haɗa yadda ya gani, ba tare da jan biro ba. Iyaye kuma, in yarinya ta kawo ɗinki a karkace, kafin a ce ta farke, a tambaye ta abin da take nufi. A gayyato kaka guda da ta iya faci ta zauna a aji, don da tsohuwar zuma ake magani. In aka fara da buɗe lakwal a Oktoba, kafin sanyin Disamba ya kankama aji guda zai iya gama bargo ɗaya.