Keken Burji: Turbobin Wagini Da Dajin Rugu, Daga Rali Zuwa Boxer

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwa da datarsu ba ta isa su saurari murya ba.

Kwanan baya wani abokina da ke karatu a waje ya turo mini bidiyo. Wasu Turawa ne a kan kekuna masu kaurin taya, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, suna gudu a hanyar da ba kwalta. Ya rubuta a ƙasa wai in ga sabon wasan da ake yayi. Na kalla na yi dariya, na ce masa ai wannan hanyar Wagini ce ranar kasuwa, hular kwano da matsattsun kaya kawai suka fi mu.

Wasan da gaske ne fa. Su suna kiransa da sunan tsakuwa, mu sai mu ce tseren keken burji. Babbar gasarsa ana yin ta a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka. An fara ta a 2006 da mutum 34, tafiyar mil 200 a hanyoyin gona, yau kuwa dubbai ke zuwa. Hukumar tseren keke ta duniya ta yi gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere a Italiya a 2022. A Kenya ma tun 2021 ake yin irinsa a dajin Masai Mara. Keke guda na manyan 'yan wasan ya fi sabon babur tsada nesa ba kusa ba.

Bayan na gama dariyar sai jikina ya yi sanyi. Turbobin da na yi masa alfahari da su, ni kaina na yi shekaru ban bi wasunsu ba.

Mu koma baya. Keke mai taya biyu daidai wa daida da sarƙa, irin wanda muka sani, a 1885 aka fito da shi a garin Kobantiri na Ingila, hannun wani mai suna John Kemp Starley. A 1888 Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. To a waɗannan shekarun me ake ciki a ƙasar Ruma? Yaƙi. Yammacin Katsina shi ne iyaka tsakanin masarautar da ke bin Sakkwato da Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a binciken da ya yi kan tarihin Katsina, ya nuna yadda yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka tashi garuruwan wannan yanki, daji ya rufe kufai. Kun ga ke nan wani ɓangare na dajin da muke kira Rugu, da can gari ne da gonaki. Tsoro ne ya mayar da shi daji. Wannan magana ku riƙe ta, za mu dawo kanta. Zamanin su Kaura Hasau na Maraɗi da Ɗanwaire na Ruma, mai doki ne ke da hanya. Talaka in zai yi tafiya sai ya jira ayari.

Turawa sun karɓe Katsina a 1903. Ba na cikin masu yi wa mulkin mallaka kirari, haraji da aikin tilas ba abin yabo ba ne. Amma hare-haren iyaka sun lafa, mutane suka fito daga bayan ganuwa suka sari sabbin gonaki, ƙauyuka suka tsiro, kowane ƙauye da turbar da ta haɗa shi da rijiya da kasuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano aka buɗe cinikin gyaɗa wajen 1912, kuɗi ya fara shiga hannun manomi, kantunan kamfanonin Turawa kuma suka cika da kaya. A cikin kayan nan har da keke.

Waɗanda suka fara hawa a karkara ma'aikatan En'e ne da masu hali: malamin haraji, malamin gona, duba-gari, malamin daji, sai malamin makaranta. Raleigh na Notingam, wanda bakinmu ya mayar Rali, shi ne sarki. Har lasin ake yi wa keke, a ba ka 'yar lamba ta ƙarfe ka ɗaura, in ɗan doka ya kama ka babu ita ka shiga uku. Kakana ya taɓa ba ni labari cewa shekarar da ya sayi nasa da kuɗin gyaɗa, sai da ya yi kwana uku bai hau ba, yana jingine a zaure mutane na zuwa gani.

Abin da ya sa wannan baƙin keken ya zauna da mu shi ne ya dace da ƙasar. Tayarsa inci 28 ce, tana haye rami da saiwa ba ta damu ba. Birkinsa na sandar ƙarfe ne, babu wayar da za ta tsinke. Giya ɗaya ce tal, ba abin da zai rikice. Kariyar baya kuwa, in maƙeri ya ƙara mata ƙarfe, buhun gero take ɗauka, ko damin itace, ko akuya a cikin kwando, ko mai naƙuda zuwa asibiti. Duk abin da ya lalace, mai faci a gindin bedi zai gyara da sholisho da guntun tsohuwar roba.

Hawan kuma ilimi ne. Duk yaron da ya tashi tsakanin Wagini da Batsari ya san ba a taka birki cikin yashi, ba a kuma juya kan keke da ƙarfi, sai dai ka matsa baya a kan sirdi ka ci gaba da taka feda har ka fita. Ya san da rani ana rage wa taya iska kaɗan don ta kama rairayi. Ya san gefen turba inda ya yi kore shar, nan tsidau yake, ka bi ta kai ka tura keke har gida. Da damina in ƙorama ta kawo, ka saɓa shi a kafaɗa ka tsallaka. Wallahi yanzu a intanet akwai masu koyar da waɗannan abubuwa ana biyansu. Mu a hayar keke muka koya, ƙafa ta cikin firam saboda ba mu kai sirdi ba, gwiwa duk tabo.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: da yawan turbobin nan ba na masu keke kaɗai ba ne. Labi ne da burtali, hanyar shanu. Dajin Ruma da Kukar Jangarai, wajen Runka a ƙasar Safana, yana cikin wuraren kiwo da gwamnatin Arewa ta fara keɓewa, kuma a 1965 aka yi dokar keɓe makiyaya. Mai keke da makiyayi hanya ɗaya suke bi. Ka sauka ka ba garke wuri, a gaisa, wataran har a miƙo maka nono. Da aka bar madatsun ruwa suka lalace, aka riƙa cinye labi da gona, masu iko suna yanka daji suna rabawa, wannan gaisuwar ce ta fara mutuwa.

Keke ya fara rasa sarauta bayan kuɗin Udoji na 1975, lokacin da ma'aikata suka koma Honda da Yamaha da Suzuki. Rali dai har masana'anta ya yi a Kano, amma da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 sai Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya ce 'yan Najeriya su koma keke, har ya riƙa hawa zuwa ofis a Abuja, mota ta ture shi cikin kwata, ƙasa ta yi ta dariya. Daga nan babura masu araha suka shigo, Jincheng, sannan Boxer. Saurayi mai keke ya zama abin tsokana a wajen zance.

Ba na zargin babur, ya ceci rayuka da yawa. Amma abin da ya sa ya yi wa manomi amfani, wato yana shiga inda mota ba ta shiga, shi ne ya sa ya yi wa ɓarawon daji amfani. Satar shanu ta zama garkuwa da mutane, ta zama ƙona gari. A watan Mayun 2019 aka kashe manoma a 'Yargamji, har mutane suka ɗauko gawarwaki zuwa Katsina don hukuma ta gani da idonta. A Fabrairun 2020 aka kashe kimanin mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Duk a ƙasar Batsari. Ƙarar babur da dare, wadda da take nufin baƙo ya iso, ta koma alamar a ruga. Gonakin bakin daji suka koma saura. Abin da Dakta Bala Usman ya rubuta a kan ƙarni na 19, mu da idonmu muka ga yana maimaituwa: daji na cin gari.

A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana goyon mutum uku a babur, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. A watannin nan ne na ga an zaro tsofaffin kekuna daga bayan rumbu. Babu waya, babu mai, saƙon rasuwa da na suna a kan keke ya riƙa tafiya kamar zamanin kakanninmu. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 sai abin ya ƙaru, malaman firamare da ɗalibai suka koma feda, masu faci suka sake samun ciniki.

Yanzu ana ta maganar sulhun da aka ƙulla a 2025 a Jibiya da Batsari da Safana. Wasu na murna, wasu na cewa mun ga irinsa a 2019 bai ɗore ba, kuma kowa da hujjarsa. Ni ma'aunina ƙarami ne. Ba hoton taro nake kallo ba. Ina kallon ko uwa a Wagini za ta bar ɗanta ɗan shekara goma sha biyu ya hau keke shi kaɗai ya kai abinci gonar bakin daji, ya dawo bayan la'asar, ba tare da ta tsaya ƙofar gida tana leƙe ba. Na tambayi iyaye mata uku a danginmu. Ɗaya ta ce ta fara bari, biyu suka ce tukuna.

Roƙona ga matasanmu na Batsari da Safana: duk wanda ke da tsoho a gida da ya yi zamanin lasin keke, ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa a waya. A tambaye shi sunayen turbobin, ina suka tashi, ina suka ɓulle, wace rijiya ake yada zango. Da yawansu babu su a kowace taswira, a kan tsofaffin nan kawai suke. Wanda kuma ya samu tsohuwar lambar En'e ta keke a cikin tarkacen gida, don Allah ya ɗauki hotonta ya turo mana. Ta kakana na neme ta har cikin rumbu ban gani ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.