Yadda ake zaɓar sabuwar na'urar ba da wuta ga tsohuwar kwamfuta

A cikin dukkan sassan tsohuwar kwamfuta, babu wanda ya kai na'urar ba ta wuta saurin tsufa, kuma babu wanda lalacewarsa ta kai tata ɓarna. Idan madannai suka daina aiki, su kaɗai suka mutu. Na'urar wuta kuwa takan tafi da sauran kayan cikin kwamfutar, waɗanda yawancinsu an daina ƙera su shekaru da dama. Wannan ne ya sa masu adana kwamfutocin shekarun 1980 da 1990, da masu injinan aiki da har yanzu tsohuwar kwamfuta ke sarrafa su, suke fara sauya ta kafin su taɓa komai.

Aikin na'urar shi ne ta karɓi wutar gida ta rage ta zuwa ɗan ƙarfin da kwamfuta ke iya ɗauka. Wutar gida mai kai-komo ce, wato wadda ake rubuta wa AC, alhali ƙwayoyin cikin kwamfuta miƙaƙƙiyar wuta suke sha, mai alamar DC, galibi bolt 5. Ƙwayoyin wancan zamani ba su da haƙuri: an tsara da yawansu su yi aiki tsakanin bolt 4.75 da 5.25. Ƙasa da haka kwamfuta ta riƙa rikicewa, sama da haka sosai kuma ta ƙone.

Darasin Commodore 64

Misalin da ya fi fito da matsalar fili shi ne Commodore 64, wadda ta shiga kasuwa a Amurka a 1982 aka kuma sayar da miliyoyinta kafin kamfanin ya durƙushe a 1994. Na'urar wutarta wani ƙullin akwati ne mai nauyi da ake ajiyewa a ƙasa. Da yawa daga cikinsu an cika su da wani irin danƙo mai daskarewa kamar dutse, don haka zafi ba ya samun hanyar fita, mai gyara kuma ba ya samun hanyar shiga. A cikin danƙon akwai ƙwayar da ke daidaita wuta a kan bolt 5. Idan shekaru da zafi suka ci ƙarfinta, ba lallai ta yanke wutar ba. Tana iya sakin fiye da ƙima ba tare da wata alama ba. Fitilar kwamfuta tana nan a kunne, amma ƙwayoyin ajiyar bayanai suna soyuwa. Saboda haka masu harkar suka daɗe da daina amincewa da ita, ko da an gwada an ga tana aiki a yau.

Sai dai maye gurbinta ba sayen caja ba ne kawai. Commodore 64 wuta iri biyu take karɓa ta filogi ɗaya mai zagaye: bolt 5 miƙaƙƙiya, da bolt 9 mai kai-komo. Daga ta biyun ne kwamfutar ke samar da wutar ƙwayar sauti da ta injin kaset, kuma da bugun kai-komonta ne wani agogo na ciki ke ƙidaya lokaci. Wanda ya ba ta bolt 9 miƙaƙƙiya a wannan gurbi bai ba ta abin da take buƙata ba. Shi ya sa sababbin na'urori masu kyau da ake ƙera mata suke haɗa abu biyu a akwati ɗaya: sashen zamani mai ba da bolt 5, da ƙaramar taransifoma irin ta da mai ba da bolt 9. Idan aka kawo wa mutum wata mai sauƙin nauyi kamar cajar waya aka ce ta Commodore 64 ce, ya kamata ya tambayi inda bolt 9 ɗin ke fitowa.

Akwai kuma ɗan abin kariya da ake sanyawa tsakanin tsohuwar na'urar wuta da kwamfuta, wanda ke yanke wuta da zarar ta haura ƙima. Yana da amfani ga wanda ke son ci gaba da amfani da ta asali, amma maganin wucin gadi ne, domin tsohuwar na nan tana ci gaba da tsufa.

Shigar filogi ba hujja ba ce

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa duk filogin da ya shiga rami ya dace. Commodore 128 da Amiga 500, ƙirar kamfani ɗaya, filoginsu mai kusurwa huɗu kama ɗaya ne, amma ta farko bolt 5 da bolt 9 mai kai-komo take sha, ta biyu kuma bolt 5 da 12 da kuma 12 mai alamar ragi. Musayar na'urorinsu na iya kashe kwamfuta nan take. ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair na Ingila, wadda ita ma ta fito a 1982, bolt 9 miƙaƙƙiya take buƙata ta ɗan filogi irin na rediyo, amma tsakiyar filogin nata shi ne ɓangaren ragi, saɓanin yawancin adaftocin da ke kasuwa a yau. Ɗan zanen da ke jikin adafta, mai alamar tarawa da ta ragi, shi ke nuna wannan, kuma duba shi bai fi daƙiƙa biyar ba. Hatta a kwamfutocin ofis, wasu samfuran Dell na ƙarshen shekarun 1990 sun zo da filogi mai kama da na kowa sak, alhali jerin wayoyinsa daban ne.

Batun amfiya ya fi sauƙi. Bolt dole ne ya zo daidai, amma amfiya na iya zarce abin da aka rubuta, domin kwamfuta iya buƙatarta take ja. Abin lura kawai shi ne na'ura mai ƙarfi fiye da kima, idan waya ta haɗu a cikin kwamfuta, za ta ci gaba da tura wuta har allo ya ƙone kafin ta yanke. Matsakaicin rara tare da fis ya fi tulin wat marar amfani.

Kwamfutocin IBM da danginsu

IBM PC ta farko, ta 1981, wat 63.5 kacal na'urar wutarta ke bayarwa, don haka kowace ta zamani ta ninka ta sau da dama. Matsalar ba ta ƙarfi ba ce, ta tsari ce. Kwamfutocin tsarin AT suna karɓar wuta ta filogi biyu masu kama da juna, P8 da P9, kuma ƙa'idar da kowane tsohon mai gyara ya haddace ita ce baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Tsarin ATX da Intel ya fito da shi a 1995 ya mayar da su filogi ɗaya, ya kuma sa allon kwamfuta ne ke umartar na'urar ta kunnu. Saboda haka mai son sanya ATX a tsohuwar AT yana buƙatar wayar juyi mai makunni, wanda ke haɗa koriyar waya da baƙa.

Abu biyu ne ke saura. Na farko, sababbin ATX sun daina ba da bolt 5 mai alamar ragi, wadda farar waya ke ɗauka a da, alhali ƙwayoyin ajiya na IBM PC ta farko da wasu tsofaffin katunan sauti ba sa aiki sai da ita. Wasu wayoyin juyi suna samar da ita daga bolt 12 mai ragi, kuma irinsu ya kamata a nema. Na biyu, kwamfutocin yau daga bolt 12 suke jan mafi yawan wutarsu, na da kuwa daga bolt 5. Don haka layin da ya kamata a karanta a takardar jikin na'ura shi ne amfiya nawa take bayarwa a bolt 5, ba babban adadin wat da aka buga a kwali ba.

Wutar da za ta shiga

Yawancin irin waɗannan kwamfutoci na hannu ne, daga wata ƙasa suka zo. Wadda aka ƙera don Amurka bolt 120 take tsammani, mai bugu 60 a daƙiƙa, alhali wutar Najeriya, kamar ta Turai, bolt 230 ce mai bugu 50. Tsofaffin na'urorin kwamfutar tebur da yawa suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Idan yana kan 115 aka jona a nan, ƙara da hayaƙi ne za su biyo baya. Yawancin na zamani suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240 da kansu, kuma wannan babbar fa'ida ce inda wuta ke hawa da sauka ko ake aiki da janareta. Amma sashen taransifoma, kamar mai ba Commodore 64 bolt 9, ba ya da wannan sassauci: dole a sayi na bolt 230, kuma idan wutar gida ta hau, abin da yake fitarwa ma hawa yake yi. Sitabilaiza mai kyau tana rage wannan haɗari.

Wani na iya gwammace gyara ta asali, musamman a Apple II da BBC Micro, inda sanannen ciwon shi ne kwandensar tace wuta samfurin RIFA, wadda jikinta ke tsagewa da tsufa har ta fashe da hayaƙi mai wari. Sauya ta ba shi da tsada, amma aikin ƙwararre ne, domin manyan kwandensoshin ciki na iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an zare filogi daga bango.

Ko sabuwa ce ko gyararriya, a auna ta da mita kafin a jona ta da kwamfuta, ƙafa bayan ƙafa, a gwada da zanen filogin da ke littafin samfurin. Wasu na'urorin ba sa nuna ainihin ƙarfinsu sai suna ɗauke da kaya, don haka masu gyara kan jona musu tsohon faifan ajiya ko ƙwan mota mai bolt 12 yayin awo, su bar su su yi zafi na ɗan lokaci, sannan su sake aunawa.