Tashar Kano da Shaidar 'Yan Sama Jannati: Tarihin Abubuwan da Aka Gani Ba a Gane Ba, 1960–1969

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1961, sa'ad da Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyat ya zama mutum na farko da ya kewaya duniya cikin kumbo, ake baza labari cewa 'yan sama jannati sun yi kiciɓis da waɗansu baƙin abubuwa a sararin samaniya, amma hukumomi suka danne maganar. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin mafi shahara daga cikin labaran nan, a ga abin da mutanen suka faɗa a lokacin da abin ya faru, da abin da bincike ya tabbatar daga baya, da kuma abin da ya rage ba a warware ba. Za a faro daga ƙasar Kano, domin ɗaya daga cikin kunnuwan da suka saurari 'yan sama jannatin farko na Amurka a nan aka kafa shi.

Kafin a shiga cikin tarihin, ya kamata a tsai da ma'anar abin da ake magana a kai. Sojan saman Amurka sun yi shekaru suna tattara rahoton abubuwan da mutane suka ce sun gani suna shawagi a sama. Da suka rufe aikin a 1969, rahotanni 12,618 ke hannunsu, kuma 701 daga ciki an ajiye su da sunan waɗanda ba a gane ba. Abin lura a nan shi ne, wannan suna yana bayyana iyakar sanin mai kallo ne da na mai bincike. Bai ce kome ba game da asalin abin da aka gani. Yawancin ruɗanin da ya biyo baya daga mance wannan bambanci ya taso.

Yadda Kano ta shiga cikin lamarin

Shirin farko da hukumar NASA ta yi na tura mutum sama shi ne wanda aka kira Mercury. Kumbon yakan kewaya duniya cikin kamar awa ɗaya da rabi, yana gudun mil 17,500 a awa, a tsayin da bai wuce mil 100 zuwa 160 ba. A irin wannan tsayi, tashar rediyo ta ƙasa ba ta iya jin kumbon sai na 'yan mintoci kaɗan, daga ɓullowarsa a wannan gefe na sama zuwa ɓacewarsa a wancan. Saboda haka sai aka jera tashoshi 18 a kewayen duniya, biyu daga cikinsu a kan jiragen ruwa, yadda in kumbon ya kuɓuce wa wannan, waccan za ta karɓe shi.

Hanyar kumbon takan taso daga Florida, ta ratsa tekun Atlantika, ta bi ta kan tsibiran Kanari, ta keto Sahara, ta nufi gabashin Afirka. Kano tana ƙarƙashin wannan hanya, ga ta kuma da babban filin jirgin sama da za a iya sauke kaya da ma'aikata. A watan Oktoba na 1960, makonni kaɗan bayan samun mulkin kai, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ƙulla yarjejeniya da Amurka, aka gina tashar a bayan gari cikin gonakin karkarar Kano. Ita ce ta biyar a jerin, tsakanin ta Kanari da ta Zanzibar. Aikinta shi ne magana da ɗan sama jannati, da karɓar saƙon na'urorin da ke auna bugun zuciyarsa, da numfashinsa, da lafiyar kumbon, a naɗi duka a tef, sa'an nan a aika da rahoto Amurka nan take.

Zamanin zargi

Ba a cikin kwanciyar hankali aka yi wannan gini ba. A watan Fabrairu na 1960 Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane cikin Saharar Aljeriya, kuma fargabar gubar da iskar hunturu za ta iya kwasowa ta kai ga Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairun 1961. Yarjejeniyar tsaro da aka yi da Ingila ma ta sha suka daga ɗalibai da 'yan hamayya, har aka soke ta a Janairun 1962. A Zanzibar kuwa an yi zanga-zangar ƙin tashar, bisa zargin cewa sansanin makamai ne, kuma bayan juyin juya halin 1964 aka rufe ta.

Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A ranar 1 ga Mayu 1960 Sobiyat ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka mai suna U-2, kuma hukumar NASA ɗin nan ce aka sa ta fito ta ce jirginta ne na binciken yanayi ya ɓace hanya. Kwanaki kaɗan bayan haka Khrushchev ya bayyana cewa matuƙin, Francis Gary Powers, yana hannunsu da ransa, ƙarya ta ƙare. A 1997 wani nazarin tarihi na hukumar CIA ya amsa cewa da yawa daga cikin baƙin abubuwan da mutane suka riƙa gani a shekarun nan jiragen leƙen asiri ne. Ashe ke nan mai tarihi ba zai karɓi maganar hukuma don kawai hukuma ce ta faɗa ba. Abin da zai nema shi ne rubutun da aka yi a kan lokaci, wanda hannaye da yawa suka riƙe, kamar tef ɗin tashoshin nan.

Ranar Talata, 20 ga Fabrairu 1962

A wannan rana, wadda ta faɗo tsakiyar watan azumi, a zamanin Sarkin Kano Sir Muhammadu Sanusi, John Glenn ya tashi cikin kumbon Friendship 7 da ƙarfe 3:47 na yamma agogon Nijeriya. Bai cika rabin awa ba sai ga shi a sararin Kano. Manomin Tofa da ke gyaran rumbu ko yana jiran shan ruwa bayan la'asar ba shi da hanyar ganin kumbon da rana tsaka-tsaka haka, amma Glenn ya ga ƙasar da manomin yake tsaye a kai. Ya gaya wa tashar Kano cewa yana hangen ƙura ta turnuƙe, ma'aikatan tashar suka amsa masa cewa lalle mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi.

Wannan 'yar gajeriyar magana ta ƙunshi dukan hanyar aikin. Mutum ya ga abu daga sama bai san sunansa ba, ya faɗa nan take, waɗanda ke ƙasa suka gwada maganarsa da abin da suka sani. Abin da ya zame wa Glenn baƙo, ga ɗan Tofa hazon hunturu ne na kowace shekara.

Maƙesun Glenn

Kamar awa ɗaya da kwata bayan tashinsa, yana kan tekun Pasifik dab da tsibirin Canton, gari ya waye wa Glenn karo na farko. Sai ya ga dubban 'yan ƙananan abubuwa masu ƙyalli, launinsu tsakanin rawaya da kore, sun kewaye kumbon suna tafiya a hankali. Ya kwatanta su da maƙesu, wato ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Duk wayewar gari sai ya sake ganinsu. Wannan karon babu wanda ke ƙasa da ya san amsa, Glenn kuma ya sauko bayan kewaye uku ba tare da an gane su ba.

Wata uku kacal aka yi cikin duhu. A ranar 24 ga Mayu 1962 Scott Carpenter ya tashi cikin Aurora 7, shi ma ya gan su. Can wajen ƙarshen tafiyarsa hannunsa ya bugi ƙyauren kumbon, sai ga tarinsu sun watsu. Ya sake bugun bango da gangan, waɗansu suka sake tashi. Ashe tururin ruwa ne da kumbon ke fitarwa yake daskarewa a jikinsa ya zama ƙanƙara, in ta ɓantare ta riƙa bin kumbon, hasken hantsi kuma ya haska ta a kan baƙin sarari.

Daga nan aka fahimci abubuwa biyu da ke yaudarar ido a can sama. Na farko, duk abin da ya rabu da kumbo yakan ci gaba da tafiya tare da shi, har a ga kamar rakiya yake yi. Na biyu, babu itace ko tudu ko hazo da za a gwada nisa da su, don haka ɗan ɓarɓashi da ke kamu ɗaya daga taga da ƙaton ƙarfe da ke mil goma suna iya zama daidai a ido.

Gemini da Apollo

Tashar Kano ta ci gaba da aiki a shirin Gemini, tana isar da murya tsakanin kumbo da cibiyar Houston. A wannan shiri ne aka sami rahoton da ya fi wuyar warwarewa. A watan Yuni na 1965, cikin Gemini 4, James McDivitt ya ga wani farin abu mai siffar gwangwani da wani hannu ya fito daga jikinsa. Abokin tafiyarsa, Ed White, yana barci. McDivitt ya ɗauki hoto, amma nan da nan rana ta daki tagar, wadda dama ta yi dauɗa, abin ya ɓace masa, hotunan kuma ba su nuna shi ba. Hoton da aka riƙa bugawa daga baya da sunan abin, shi McDivitt ya ce hasken rana ne a jikin taga. A watan Disamba na shekarar, Frank Borman na Gemini 7 ya ba da rahoton wani abu da bai gane ba jim kaɗan bayan shigarsu sarari.

Kwamitin da Edward Condon ya shugabanta a Jami'ar Colorado, wanda ya kammala aikinsa a 1968, ya duba rahotannin 'yan sama jannati, ya ce uku ne bai iya bayyanawa ba: biyu na McDivitt, ɗaya na Borman. Daga baya Borman ya ce tarkacen rokarsu ne ya gani. Game da gwangwanin McDivitt, masanin harkar kumbo James Oberg ya kawo hujja cewa sashe na biyu ne na rokar Titan da ta ɗaga su, amma shi McDivitt bai tsai da magana ɗaya ba, ban da cewa ya fi zaton ƙirar ɗan Adam ce.

An rufe tashar Kano a 1966, shekarar da Gemini ya ƙare, don haka ba ta cikin tafiyar Apollo 11 ta Yulin 1969, wadda Alhaji Mamman Shata ya yi wa waƙa. A hanyarsu ta zuwa wata, Armstrong da Aldrin da Collins sun hangi wani abu mai haske. Suka tambayi Houston inda sashen ƙarshe na rokarsu yake, aka ce musu ya kai nisan mil 6,000. Aldrin ya bayyana cewa abin da suka yanke shi ne ɗaya ne daga cikin marafai huɗu da suka ɓalle sa'ad da aka zaro ƙaramin kumbon sauka. A 2005 wani shirin talabijin ya nuna shi yana ba da labarin ganin, aka yanke bayanin da ya biyo baya, shi kuma ya fito ya yi ƙorafi. Haka nan labarin da ake yaɗawa cewa Gordon Cooper ya ga koren abu a sararin Ostareliya a 1963 ba ya cikin naɗin tafiyar, kuma Cooper da kansa, wanda ya yi imani da zuwan baƙi daga wata duniya, ya ce bai ga irin wannan a cikin kumbo ba.

Ma'aunin shaida

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma malaman ƙasar nan sun daɗe da sanin cewa shi ma ganin sai an auna shi. A mazhabar Malikiyya ana tabbatar da tsayuwar wata da shaidar adalai biyu ko ta jama'a mai yawa. In aka ɗauki maganar mutum biyu, aka ƙirga kwana talatin, sama tana garau ba a ga sabon wata ba, sai a jefar da shaidarsu. Watau ana duba yawan masu gani, da halin sama, sa'an nan a bar lokaci ya gwada maganar.

In aka ɗora labaran 'yan sama jannati a kan wannan ma'auni, sai su kasu uku. Akwai waɗanda gwaji ya warware, kamar maƙesun Glenn. Akwai waɗanda shaida ta yi ƙaranci a kansu, kamar na McDivitt, mutum ɗaya, taga mai dauɗa, 'yan daƙiƙoƙi. Akwai kuma waɗanda ba su da tushe a rubutun lokacin, sai a bakin masu ba da labari. Kwamitin masana da NASA ta kafa, a rahotonsa na Satumban 2023, ya ce bai sami hujjar cewa abubuwan da ba a gane ba daga wata duniya suke ba, ya kuma ɗora laifin rashin ganewar a kan raunin bayanan da ake tarawa.

Kammalawa

Abin da ya sa ake iya rarrabe waɗannan kashi uku a yau shi ne, an sami mutanen da suka zauna a Kano da Kanari da Zanzibar suka naɗi kowace kalma tare da sa'arta, aka kuma adana. Wannan darasi ya shafi ɗalibi mai bincike, ya shafi ma'aikacin gwamnati da ke rubuta rahoton gobara ko annoba ko rikicin gona: ya rubuta abin da ya gani dabam, abin da ya ji dabam, abin da yake zato dabam, ya sa kwanan wata. Tarihin ita tashar Kano kuwa, yawancin abin da aka sani game da ita daga takardun Amurka ya fito. Tattara abin da mutanen Tofa da sauran karkarar Kano suka riƙe na wancan zamani, daga bakin dattawan da suka rage da kuma takardun En'e, aiki ne da ke jiran ɗaliban tarihi, kuma kowace shekara masu iya ba da labarin raguwa suke yi.