Me ya sa janareto da garwashin gawayi ke kashe mutane suna barci?

Ba baƙon labari ba ne a Najeriya a wayi gari a tarar da iyali guda sun mutu a cikin ɗaki, ƙofa a kulle, ba rauni a jikin kowa. Sau da yawa zargi kan faɗa kan abincin dare, ko guba, ko sammu. Amma idan akwai janareto ko kaskon wuta a kusa, abin da likitoci ke fara tuhuma shi ne wata iska mai suna kabon monoksaid.

Daga ina take fitowa?

Duk abin da ke ci da wuta, fetur ne ko kananzir, gas, itace ko gawayi, yana buƙatar iskar oksijin. Idan oksijin ya wadata, ƙonuwar kan kammala. Idan ya yi ƙaranci, kamar a rufaffen ɗaki, sai wutar ta riƙa fitar da kabon monoksaid. Shi ya sa harshen wutar risho ko murhun gas ke zama shuɗi idan yana ci daidai, ya koma ruwan ɗorawa mai baƙanta gindin tukunya idan iska ba ta isa ba.

Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma sa tari. Warin da hanci ke ji daga hayaƙi na wasu sinadarai ne daban. Saboda haka kuskure ne a ɗauka cewa gawayin da ya ruru ya daina hayaƙi ba shi da haɗari. Jan garwashi na ci gaba da fitar da gubar har ya zama toka.

Me take yi wa jiki?

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, wanda aikinsa shi ne ɗaukar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Kabon monoksaid na manne masa da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Da zarar ta kama wurin, jini zai ci gaba da zagayawa amma ba ya kai wa gaɓoɓi abin da suke buƙata. Ƙwaƙwalwa da zuciya ne ke fara galabaita.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda ake iya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko gajiya. Mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Daga barci sai suma. Wanda ya farka ma yakan kasa tashi ya buɗe ƙofa, domin ƙarfi da tunani sun riga sun raunana. Jarirai, tsofaffi, masu ciwon zuciya da ɗan tayin da ke ciki sun fi saurin cutuwa.

Alama mafi muhimmanci ita ce mutane da dama a ɗaki ɗaya su kamu da ciwon kai lokaci guda, su kuma ji sauƙi idan sun fita waje.

Me ya kamata a yi?

A fitar da mutum sarari nan take, a kashe injin, a buɗe ƙofofi da tagogi, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja: ba sa cire gubar, kuma suna iya shiga huhu. Maganin shi ne oksijin. Da iskar waje kawai, jiki kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya rage rabin gubar. Da oksijin na asibiti, kimanin awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Ko wanda ya farfaɗo yana buƙatar ganin likita, domin mantuwa da ruɗewa na iya bayyana bayan kwanaki ko makonni.

Hukumar Daƙile Cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar ajiye janareto a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa ko taga. Zaure, ƙarƙashin bene da gareji duk ba waje ba ne. Kaskon jin ɗumi a lokacin hunturu kuma a fitar da shi kafin a kwanta.

Me ya sa abin ke yawan faruwa?

Ƙasar da ke da mutane sama da miliyan 200 na raba wutar da galibi ba ta wuce megawat 5,000 ba, don haka janareto ya zama kayan gida. Tsoron ɓarayi kuma ke sa a shigo da shi ciki da dare. Kejin ƙarfe mai kwaɗo a tsakar gida na magance wannan tsoro, ƙaramar na'urar da ke ƙara idan iskar ta taru kuma na iya tada masu barci tun da sauran ƙarfinsu.